Zuwa ga ɗiyata, kan batun gyaran haƙora

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Na ga hoton bakin jikana da kika turo. Na kuma ji maganar da kika yi ƙasa-ƙasa a ƙarshen saƙonki, cewa ke ma kina tunanin a sa miki wayar daidaita haƙori. Wannan ce ta fi tsaya mini a rai.

Tun kina 'yar shekara 12 kika fara rufe baki da tafin hannu in za ki yi dariya, ina kallonki. Fiƙarki ta hagu ta ɓullo can sama a dasashi, ta hau kan na kusa da ita, ni kuwa na ce girma zai gyara. Bai gyara ba, kuma sakacina ne da ban kai ki an duba ba. Saboda haka ki je. Shekara 30 ba ta hana haƙori motsi, muddin dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi lafiyarsu ƙalau. Wayar tana danna haƙori ne a hankali, ƙashin da ke gefen da ake turawa ya riƙa zaizayewa kaɗan-kaɗan, sabo ya riƙa cike gurbin da haƙorin ya bari. Na babba dai ya fi na yaro jan lokaci. Amma in dasashinki na fitar da jini idan kin goge baki, ko akwai kogo a haƙori, da maganinsu za a fara.

Shi kuwa yaron, kada ki yi irin jiran da na yi. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka na ba da shawarar a duba yaro zuwa shekara 7, ga shi ya cika 8. A wannan lokacin ya fara famfara, turamensa na farko na dindindin sun fito, likita zai iya ganin yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa. Ba lallai a sa masa komai yanzu ba, sau da yawa sa ido kawai ake yi. Wushiryar nan kada ta dame ki, takan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito wajen shekara 11 ko 12. Tsotson yatsan nan ne ya fi damuna, don yana turo haƙoran gaba waje. Ki raba shi da shi cikin lallami, ban da tsawa. Turmin yarintarsa da ya fara ruɓewa kuma, kada ki ce ai zai faɗi. Shi ke tsare wa na dindindin wuri, in ya fita da wuri maƙwabtansa su matso su cinye filin.

Ki shirya haƙuri. Aikin yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2, wani ma ya wuce, kina komawa duk bayan mako 4 zuwa 8. Duk sanda aka ƙara matse wayar za ki yi kwana biyu ko uku tauna na yi miki zafi. Ki dage da buroshi bayan kowane cin abinci, don dattin da ke maƙalewa a gefen ƙananan ƙarafan da ke riƙe wayar a jikin haƙora yana barin farin tabo a haƙori. Akwai kuma na roba garai-garai da ake cirewa a mayar, sai dai dole ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum. Na san hidimar da ke kanki, ki auna ko za ki iya kafin ki zaɓa.

Ranar da aka cire wayar ba a gama ba. Haƙori yana neman komawa tsohon mazauninsa, shi ya sa ake ba da abin riƙewa da ake kwana da shi shekara da shekaru.

Don Allah kada ki bari wanda ba likita ba ya taɓa bakinki ko na yaron, kada kuma ki ɗaura roba da kanki don haɗe giɓi. Robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci gindin haƙori har ya faɗi.

In an ba ku ranar ganin likita ki sanar da ni, ina so in raka ku. Ki gaishe mini da yaran duka. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.