Amsa ga mai tambaya: a sabunta hukumar 'yancin addini ta Amurka, amma a gyara ta

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa tunda ina sukar yadda Amurka ke tsoma baki a harkar addini a Najeriya, me ya hana ni fatan hukumarsu ta USCIRF, mai sa ido kan 'yancin addini a ƙasashen duniya, ta mutu idan wa'adinta ya cika? Ni dai ina so a sabunta ta, kuma a yi mata gyara na gaske.

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa ta da dokar 1998. Ba ta hukunta kowa. Aikinta shi ne ta fitar da rahoto duk shekara, ta ba da shawarar ƙasashen da ya kamata a sa cikin jerin masu tauye 'yancin addini, sannan gwamnati ta yanke. Sai majalisa ta ƙara mata wa'adi take ci gaba da aiki. A 2011 saura ƙiris a rufe ta, kuma ƙarin da aka yi mata a 2024 bai wuce ƙarshen Satumbar 2026 ba.

Malam, duba su wa za su yi murna idan ta mutu. Ta daɗe tana magana kan Musulmin Uigur a Sin da 'yan Rohingya a Myanmar. Tun 2020 take cewa a sa Indiya a jerin saboda halin da Musulmi da Kiristoci ke ciki, gwamnatin Amurka na ƙi don kada ta ɓata da Delhi. Indiya ma ta hana wakilanta biza a 2016. A gida kuwa ta rubuta kisan 'yan Shi'a a Zariya a 2015 da na Deborah Samuel a Sakkwato a 2022. Ba na son bakin da ke faɗin waɗannan ya yi shiru.

Sai dai akwai matsala tun daga naɗin mambobinta. Su tara ne: shugaban ƙasa ya zaɓi uku, shugabannin jam'iyyu biyu a majalisa su raba shida. Ta haka kujera kan faɗa hannun ɗan gwagwarmayar siyasar cikin gida. Ya kamata doka ta gindaya sharaɗin sanin addinai da ƙasashen da ake bincike a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne wasan da gwamnati ke yi da jerin. Tun 2009 hukumar ke neman a sa Najeriya. An sa ta a Disambar 2020, aka cire ta a Nuwambar 2021 daf da ziyarar da sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Blinken, ya kai Abuja, sai Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktobar 2025. Me ya sauya a Zamfara ko Binuwai tsakanin waɗannan shekaru? Saudiyya na jerin tun 2004, amma ana yafe mata takunkumin da shiga jerin kan jawo, da sunan muradin ƙasar Amurka. A tilasta wa gwamnati ta bayyana dalilinta a rubuce duk lokacin da ta ƙi shawarar hukumar ko ta yafe wa wata ƙasa.

Haka kuma a ba ta kuɗin ɗaukar masu bincike da ke jin Hausa da Fulatanci da Tibi, waɗanda za su bambance rikicin gona da kiwo, da garkuwa da mutane don kuɗin fansa, da kisan da aka yi saboda aƙida. Duka ukun suna faruwa, kuma cakuɗa su na ƙara ruruta gaba. Su je Barikin Ladi su zauna da mutanen ƙauyen da Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci a masallaci da gidansa a 2018, su ji daga waɗanda abin ya shafa kafin su rubuta.

Wassalam.