Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai

Assalamu alaikum iyaye, malamai da dattawan gari.

Gyaran rufin aji uku da sayen tabarmi, ma'aji zai karanto lissafinsu. Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne yaran nan da ke raɓewa jikin bango lokacin tara.

Tun ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki daga nan ƙasar Ringim har Auyo da Haɗeja, wasu iyalai suka taso suka zauna cikinmu. Ga kuma 'ya'yan rugage da ke zuwa da Fillanci zalla. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta a kawo yaro makaranta, amma ba ta samar masa abokin wasa ba. Mu iyaye mukan ce kunya ce, ko miskilanci. Malamar aji ɗaya ce ta fara gaya mana gaskiya: yawancinsu ba su san yadda ake shiga wasa ba ne kawai.

Sai muka ware ɗan lokaci bayan taron safe ana koya musu abin da muke zaton kowa da shi aka haife shi: sallama, "ku sa ni", "ara mini", "yi haƙuri", da jiran layi. Kowane baƙo aka haɗa shi da ɗan gari, su ci kuɗin tara tare. Ranar Alhamis wata tsohuwa kan zo da tatsuniya, mata su yi gaɗa da carafke, maza langa.

Akwai wata 'yar ruga da ta yi zango guda ba a ji muryarta ba. Ran nan tsohuwar ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yarinya ta riga kowa cewa "Ta zo mu ji ta". Malamar har da ƙwalla.

Inda muka gaza: damina na faɗuwa aka kwashe yara zuwa gona, talla kuma ta janye 'yan mata, haɗin da muka yi ya warwatse. Laifin namu ne, iyaye.

Baɗi muna neman iyaye mata biyu da ke jin Fillanci su riƙa zama da aji ɗaya. Mai niyya ta ga sakatare bayan taro.

Wassalam.
Shugaban ƙungiya