Godiya ga Wani Shagon Buga Takardu a Samaru

Assalamu alaikum.

Na ga ya dace in yi wa ma'aikatan wani ɗan shagon buga takardu da ke Samaru, Zariya, godiya a bainar jama'a, musamman matashin da ke zama a kan kwamfutar ciki.

Littafin marigayi mahaifinmu na kai, tarihin zuriyarmu. An buga shi a Word tun zamanin da sai an saka font, wato salon haruffa, na musamman kafin a samu ƙ da ɗ da ɓ. Muna son PDF don maɗaba'a, da EPUB don 'yan uwa su karanta a waya. Na sha wuya kafin in iso gare ku. Wani shago ya miƙo min PDF, haruffa masu lanƙwasa duk sun koma wasu alamomi barkatai, ya ce wai laifin wayata ne. Wani kuwa hoton shafukan ya ɗauka ya haɗe, ko kalma ɗaya ba ta nemuwa a ciki, ya kuma karɓi kuɗinsa cif.

Shi kuwa wannan matashin bai yi zancen kuɗi ba sai da ya buɗe fayil ɗin ya duba. Ya nuna min cewa tsohon font ɗin aron gurbin wasu alamomi ya yi, ya zana haruffanmu a kai, shi ya sa da an sauya shi sai asiri ya tonu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su na Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi. Kawunan babi kuma, ashe ƙara musu girma kawai aka yi, kwamfuta ba ta san kai ba ne. Ya sa wa kowanne Heading 1, wato alamar da Word ke gane kan babi da ita, sai ga jerin abin da ke ciki ya fito da kansa. Da wata manhaja mai suna Pandoc ya fitar da EPUB ɗin, bayanan ƙasan shafi ba wanda ya ɓata. Ya tura wayarsa, ya taɓa babi na bakwai a gabana, ya buɗe.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa maigidanka buɗi.

Abin da ke ci min rai shi ne, haruffan nan sun daɗe a Unicode, amma har yau shaguna da ofisoshi da yawa suna fitar da takardun Hausa an yanke musu lanƙwasa, ba mai ko duba abin da ya fito. A danna maɓalli ɗaya, a ce da kai an gama, kawo kuɗi. Ɗalibai nawa ne aka yi wa kundinsu haka ana gobe za su miƙa?

Naku,
Wani mazaunin Zariya