Wasiƙar Godiya Ga Cibiyar NIPRD Ta Idu, Daga Uban Masu Sikila

Zuwa ga Babban Darakta da ɗaukacin ma'aikatan Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIPRD, Idu, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda ne a bainar jama'a domin in gode wa cibiyarku bisa aikin da ta yi wa masu cutar sikila, wadda a nan Arewa muke kira amosanin jini. Ban taɓa taka harabar cibiyar ba, ba ni kuma da ɗan uwa ko aboki a cikinta, saboda haka babu wanda zai ce yabon neman wani abu nake yi. Ni tsohon malamin makaranta ne, uban 'ya'ya biyu da Allah ya jarraba da wannan cuta. Babbar ta riga mu gidan gaskiya, ƙaramin kuwa yana raye, har ya zama magidanci.

Mun yi aure a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da babu wanda ke zancen gwajin jini kafin ɗaurin aure a garinmu, balle a san cewa idan miji da mata duk suna da nau'in jinin AS, wato suna ɗauke da sikila ba tare da ciwo ba, kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar sikila. 'Yar farinmu ba ta kai ga rarrafe ba hannuwanta da ƙafafuwanta suka soma kumbura, tana kukan da nono ba ya tsayar da shi. Tsofaffi suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska ce, wata gwaggo ma ta raɗa wa uwarta cewa a yi hattara da wabi, tun da an sha rasa yara a danginmu. Sai da aka kai ta babban asibiti aka ɗebi jininta sannan muka ji sunan abin da ke damunta. Daga nan ne muka soma sanin hunturu a wata fuska dabam. Idan ciwon ya taso da tsakar dare, uwarta takan hura gawayi ta ɗumama ruwa, ni kuma in riƙe ƙaurinta da tsumma mai ɗumi, tana cewa, "Baba, danna nan, a'a, can cikin ƙashin." Gari na wayewa sai asibiti, a sa ƙarin ruwa, a yi allurar rage raɗaɗi, wani lokaci kuma a shiga dangi da maƙwabta neman wanda zai ba da jini.

Duk wanda ya yi doguwar jinya a ƙasar nan ya san cewa majinyaci ba ya rasa masu kawo magani. Wannan ya zo da jiƙo a galan, wancan da gari a ƙulle cikin leda, wani kuma da kwalbar da ya saya a wurin masu talla da lasifika a bakin kasuwa, wadda aka ce tana maganin basir da shawara da sikila duk a lokaci guda. Kowa da kyakkyawar niyya yake kawowa, amma da za a tambayi mai kawowa me ke ciki, ko cokali nawa ya dace da yarinyar da ba ta da nauyin kirki, sai ya ce haka dai aka ba shi. Yarinyar ta rasu a farkon shekarun 2000 tana 'yar budurwa, bayan zazzaɓi ya sauko mata a ƙirji numfashi ya gagara, duk da iyakar ƙoƙarin da likitoci da nas-nas suka yi. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan dukkan waɗanda suka tafi ta wannan hanya.

Na lura cewa rashi irin wannan yakan kai iyaye ɗayan wurare biyu. Wasu sukan yanke ƙauna daga asibiti su koma ga duk wanda ya yi musu alkawarin waraka, wasu kuma sukan tsani duk wani abu da ya fito daga itace ko ganye, su ce yaudara ce tsagwaronta. Ni da nake da sauran yaro mai irin wannan jini a gabana, na ga ba ni da damar tsayawa a ko ɗaya daga ciki, don haka na koma karatu da tambayar likitoci. A nan na fahimci cewa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jiki, ko ruwan jiki ya ragu, ko sanyi ko zazzaɓi ya kama mai sikila, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, wanda shi ne tushen wannan azababben ciwo. Na kuma fahimci cewa ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 tana aiki, tasu kuwa ba ta cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idanunsu kuma sukan yi ɗorawa.

Wannan sani ya sauya tsarin gidanmu gaba ɗaya. Na mayar da filin bayan ɗakinmu lambu, na shuka zogale da rama da alayyafo, muka riƙe wake da gero da kifi da kayan marmari gwargwadon abin da aljihu ya iya. Yaron ba ya fita sai da gorar ruwa, ba ya kwana sai cikin gidan sauro, ba ya wanka da ruwan sanyi, da damina kuma ba ya bin sa'o'insa wasa cikin ruwan sama, ko da yake wannan ta ƙarshe ita ce ta fi jawo rigima tsakanina da shi. Na zama mutumin da ya yarda cewa rabin lafiya yana cikin tukunya da randa. Sai dai wata tambaya ta ci gaba da damuna: a cikin itatuwan da kakanninmu suka sani, shin babu wanda ke da amfani na gaskiya ga wannan cuta, kuma in akwai, wa zai tace mana shi daga tarkacen masu lasifika?

Amsar tambayar nan a wurinku na same ta. An kafa cibiyarku a 1987, ta soma aiki a 1989, Farfesa Charles Wambebe ne Babban Daraktanta na farko, kuma tun a farkon shekarun 1990 ta yi abin da ba kasafai masu ilmin boko ke yi ba, wato ta saurari mai maganin gargajiya da mutunci. Rabaran Ogunyale, wani malamin coci a ƙasar Oyo, yana da haɗin da yake ba masu sikila, masananku kuwa ba su yi masa kallon raini ba, ba su kuma karɓe sirrinsa suka sallame shi ba. Sun ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, da aka zo yi wa maganin da aka samo daga haɗin nasa, mai suna Niprisan, rajistar mallaka a Amurka a 1998 kuma, sunansa yana cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi tare da furofesoshi. Wannan adalci kaɗai ya cancanci wasiƙa tasa daban, domin tsoron a ƙwace musu abin da suka gada shi ne ke sa masu sani da yawa a ƙauyukanmu su tafi kabari da saninsu.

Ranar da na karanta abubuwan da aka haɗa maganin Niprisan da su, sai da na kira uwar yaran ta zo ta ji. Masoro ne, da kanumfari, da ganyen dawa, da itacen wata bishiya 'yar uwar madobiya wadda Yarabawa ke kira osun. Biyu daga ciki suna cikin gwangwanin kayan yajinta a lokacin da nake karanta mata, dawa kuwa mu da muka tashi muna ganin iyaye mata suna dafa karan dafi domin mai ƙarancin jini ba baƙuwarmu ba ce. Amma abin da ya raba aikinku da na kasuwa ba sunayen itatuwan ba ne. Kun tace su, kun auna, kun gwada a ɗakin bincike kun ga yadda haɗin ke jinkirta lanƙwashewar ƙwayar jini, kun duba ko yana da guba, sannan kuka gwada a kan majinyata 82 ta hanyar da likita da majinyaci duk ba su san wa ke shan maganin gaske, wa ke shan ƙwayar da babu komai a cikinta ba. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tasowar ciwo mai tsanani, ba a kuma ga wata mummunar illa ba. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin rukunin magungunan cututtukan da ba su yawaita a can ba, waɗanda ake ƙarfafa bincike a kansu, a watan Yulin 2006 kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya halarci ƙaddamar da shi da sunan Nicosan.

A wannan lokaci ne ɗana ya soma shansa, da sanin likitansa, a kan magungunansa na kullum irin su folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kwanciyarsa a asibiti ta ragu, ya samu ya kammala sakandare ba tare da maimaita aji ba. Ba na jingina wannan sauƙi ga abu guda, domin akwai ruwa da abinci da gidan sauro da kulawar likita, sama da duka kuma akwai ikon Allah. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, a karo na farko na riƙe maganin da aka yi daga itatuwan ƙasarmu, da takarda a cikin kwalinsa mai faɗin adadin da za a sha gwargwadon nauyin jiki, da ranar da zai lalace, da sunan wanda za a tuhuma idan an samu matsala. Uban da ya taɓa ɗura wa 'yarsa jiƙo yana addu'a a zuci kada ya zama shi ne ajalinta, shi ya san darajar wannan 'yar takarda.

Tarihi ya nuna cewa kamfanin da aka fara ba izinin sarrafa maganin ya faɗa cikin matsalar kuɗi wajen 2008, har maganin ya ɓace daga kantuna, iyaye suka shiga cigiya. A ƙasar da kyawawan ayyuka da yawa kan mutu da zarar wanda ya fara su ya bar kujera, da kun naɗe takardun kun ajiye a kabad babu wanda zai yi mamaki. Ba ku yi haka ba, kuka ci gaba da riƙon aikin, har a 2018 kuka ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya domin a sarrafa shi da sunan Niclovix. Wannan naci shi ne abu na biyu da nake gode muku a kansa.

Ina kuma yaba muku da ba ku taɓa cewa kun samo abin da ke raba mutum da sikila ba. Wannan gaskiya ta sauƙaƙa mini aikin da na ɗora wa kaina tun bayan ritaya, na zagaya masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen da ake shirin biki ina faɗakarwa. Nakan gaya wa iyaye cewa son maganin itace ba ƙin asibiti ba ne, tun da maganin zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yau daga wani tsiro na ƙasar Sin aka samo tushensa, har wadda ta gano shi, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Nakan gaya musu cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin jiƙa saiwa a jira gobe ba ne, cewa ƙodarsa da hantarsa ba sa jure haɗin da ba a san awonsa ba, cewa yaron da ake yawan yi wa ƙarin jini bai kamata a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba sai likita ya ce, kuma cewa binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna amfanin maganin haidiroksiyuriya wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Idan na kawo labarin masoro da kanumfari da yadda kuka bi da su, sai in ga har dattawan da suka zo da niyyar musu sun gyara zama, domin sun ji ba a zo zagin abin da suka gada ba.

A Nijeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita a jininsa ba tare da ciwo ba. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 za ta taimaka wa masu zuwa, ɗana ma sai da aka tabbatar yarinyar da yake nema AA ce, wato ba ta ɗauke da sikila, kafin mu kai kuɗin gaisuwa. Amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan a Funtuwa da Gusau da Azare da ƙauyukan da babu ɗakin gwajin jini, su ne nake roƙo dominsu.

Roƙona shi ne ku yi amfani da muryarku wajen ganin maganin ya isa kantunan magani na ƙananan garuruwan Arewa a farashin da manomi zai iya, a kuma sa bayanin shansa da Hausa, da boko da ajami, domin uwar da ke ba yaro magani da asuba sau da yawa ba ta karanta Turanci. Ina kuma roƙon ku aiko da masananku su zauna da masu maganin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato kamar yadda magabatanku suka zauna da Rabaran Ogunyale, a gwada abin da ke hannunsu, wanda ya yi amfani a faɗa, wanda ke cutarwa ma a faɗa a rediyo kowa ya ji. Idan ranar 19 ga Yuni ta zagayo, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin masu sikila, muna fatan ganin wakilanku a tarukan da ake yi a jihohinmu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya jiƙan waɗanda suka fara wannan aiki suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Jihar Katsina.