Wasiƙa Daga Bakin Dajin Montana

Missoula, Montana, Amurka
Farkon watan Satumba

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Yaya damina? Allah ya sa gero ya yi kai, a kwashe amfani lafiya.

Saƙonninka duka a tare suka shigo ranar da na fito daga daji, har da wanda kake tambaya ko fushi na yi. Wallahi babu fushi. Inda nake babu sabis ko ɗigo, waya sai dai ta zama agogo da tocila. Na ga labarin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Da aka ba mu dogon hutun makaranta, wato daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafinsu wanda ya zo daidai da daminarmu, sai na ba da sunana a aikin sa-kai na gyaran turba a wani daji da ake kira Bob Marshall. An sa masa sunan wani ma'aikacin gandun daji ne wanda ya rasu a 1939 yana ɗan shekara 38, mutumin da ya yi suna wajen tafiyar ƙasa da fafutukar a bar wasu dazuzzuka yadda Allah ya yi su. Faɗin dajin ya haura murabba'in kilomita 4,000, kuma a jikinsa akwai wasu biyu, Scapegoat da Great Bear. Babu titin mota ko ɗaya a ciki. Abin da ke akwai sirarar turba ce ta ƙafa da ta dawaki, wadda in an haɗa tsawonta ya zarce mil 1,000 nesa ba kusa ba. Hukumar gandun daji ta Amurka ce ke da alhakin wurin, amma ma'aikatanta ba za su iya da shi su kaɗai ba, don haka wata ƙungiya mai suna Bob Marshall Wilderness Foundation take tara masu sa-kai, ta ba su abinci da kayan aiki da jagora. Mukan shiga mu yi kamar mako, mu fito mu huta, mu sake komawa wani ɓangaren.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne dokar wurin. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe irin waɗannan dazuzzuka, ta hana shiga da duk wani abu mai inji. Ba mota, ba babur, ba injin yanka katako. Kai, ko keke da baro ba a yarda da su ba. A ƙasar da ake da injin yin komai, sai ga mu da zarto da gatari da shebur, kayanmu kuma a bayan alfadarai. Mai alfadaran yakan jero su ɗaya bayan ɗaya da igiya, ya auna kayan kowane gefe har nauyinsu ya zo daidai, domin in ɗaya ya rinjayi ɗaya kayan za su zame su ji wa dabbar ciwo a baya. Shi yakan kai kaya sansani ya juya, mu kuma mu taka da ƙafa, wani lokaci yini guda cur.

Bari in gaya maka yadda ake yanka itace, domin a nan zuciyata ta fi zama. Gobara takan ci dajin nan, ta bar itatuwa a tsaye a ƙone. Shekara da shekaru suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, iska da dusar ƙanƙara suna kayar da su a kan turba, har ka tarar da wurin da doki ba shi da ta inda zai bi. Zarton da muke amfani da shi na mutum biyu ne, tsawonsa ya kusa tsayin mutum, da mariƙi a kowane ƙarshe. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu sun girmi iyayenmu, kuma ma'aikatan sun fi son su a kan sababbi saboda kyan ƙarfensu. Masu iya wasa haƙoransu da magagari kaɗan ne suka rage, shi ya sa ba a ajiye zarto a ƙasa, ba a barin haƙorinsa ya taɓa dutse.

Kafin a sa zarto, sai an tsaya an karanci itacen. Shugabar ayarinmu, wata mata mai ƙarancin magana, takan zagaya shi ta tambaye mu: ina ya dogara, ina nauyinsa ya taru, in an raba shi wane ɓangare ne zai faɗi, wane ne zai zabura, kuma kai ina za ka gudu? Itacen da ya kwanta a kan wani yana da ƙarfi a ɓoye, in ka yanke shi ba lissafi zai iya karya maka ƙafa. Bayan an gama shawara sai a ɓare ɓawon wurin da gatari, saboda ƙasar da ke maƙale a ciki tana dakusar da haƙora. Sannan a fara. Ƙa'idar ɗaya ce: kowa ya ja, kada kowa ya tura. Ka ja zuwa wajenka, ka saki hannu, abokinka ya ja zuwa nasa. In ka tura, zarton zai lanƙwashe ya cije. Da farko hannu yakan yi gardama, amma in kuka daidaita sai ka ji ƙarfen ya fara wani irin amo mai zaƙi, kana ganin dogayen zare-zaren itace suna zubowa maimakon gari, alamar zarton yana da kaifi ke nan. Idan tsagar ta soma rufewa sai a buga mata abin tokarewa a sama don kada ta danne zarton. Can sai ka ji itacen ya yi ƙara daga ciki, wanda ke gefen gangare ya riga ya kauce, gungumen ya saki. Mu taru mu mirgina shi da ƙafa da sanduna zuwa ƙasa. Wanda na fi yawan ja da shi wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ya ba saba'in baya. Ba mu cika hira ba, amma ban taɓa sanin mutum ta hannu kamar yadda na san shi ba. Ko gajiya ya yi, a zarton nake fara ji.

Sai dai yankan itace shi ne aikin da ido ke gani. Babban abokin gabar turba ruwa ne. In ruwa ya samu turba ya bi ta, a 'yan shekaru zai mai da ita kwazazzabo. Don haka rabin aikinmu haƙa ne: a kwashe tudun ƙasar da ya taru a bakin turba ta gefen gangare, a ɗan karkatar da bayanta yadda ruwa zai tsallake ya wuce, a yi masa mafita a duk inda ya saba taruwa. Kayan aikin wannan shi ne Pulaski, gatari ta gefe ɗaya, gizago ta ɗaya gefen. Sunan wani ma'aikacin daji ne, Ed Pulaski. A gagarumar gobarar watan Agusta na 1910, wadda ta cinye eka kusan miliyan 3 a Idaho da Montana, wuta ta rutsa da shi da mutanensa kimanin 45. Ya kora su cikin wani ramin haƙar ma'adinai kusa da garin Wallace, ya tsare bakin ramin da bindiga don kada wani ya firgita ya fita, kuma yawancinsu suka tsira. Har yau masu kashe gobarar daji da masu gyaran turba da kayan aikin nan suke fita. Mafitar ruwa in ta yi kyau babu mai lura da ita, matafiyi zai taka ya wuce bai san an yi komai ba. Ni kuwa yanzu ko a cikin gari nake tafiya, idona yana kan inda ruwa zai bi.

Na san za ka tambayi ibada da abinci. Alƙibla a nan arewa ce mai ɗan karkata gabas, da kamfas nake nemo ta. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:30 na dare, asuba kuma tun kafin ƙarfe 4, ga aiki da sassafe, don haka na riƙa haɗa magariba da isha'i bisa sauƙin da aka yi wa matafiyi. Alwala da ruwan ƙorama ne mai gangarowa daga ƙanƙarar tsaunuka, sanyinsa har cikin ƙashi. Ruwan sha ne kawai sai an tace, saboda ƙwayoyin cutar ciki. Da na faɗa musu abin da ba na ci, babu wanda ya ja magana, aka riƙa raba tukunya. Dajin kuma gidan beyar ne, wato wata babbar dabbar dawa mai haɗari, har da babban nan da suke kira girizili. Kowa yana rataye da gwangwanin feshin barkono a ƙugu don korarsa. Girki nesa da tantuna ake yi, kuma duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki, sai an kulle shi a akwatin ƙarfe ko an rataye shi a sama, kamar mita 3 daga ƙasa. Sawun beyar na gani a taɓo, sabo, ya fi tafin hannuna faɗi, ranar nan kowa da ƙarfi ya riƙa magana a hanya don kada mu yi masa ba-zata.

Ka rubuto cewa wane irin aiki ne wannan, mutum ya bar neman kuɗin hutu ya je yana sara a daji kyauta. Aminina, gayya ce. Ka tuna yadda ake fita gyaran hanyar kasuwa bayan ruwa ya cinye ta, babu mai tambayar lada, tuwo kawai ake ci a watse. Bambancin shi ne a nan ba ka san waɗanda za su bi hanyar ba, su ma ba za su san ka ba. A ayarinmu akwai ma'aikaciyar jinya da ta ƙarar da hutunta na shekara a nan, da ɗalibai, da wani tsohon soja.

Akwai gardamar da ake yi a nan, mu ma mun yi ta a bakin wuta. Wasu suna cewa itatuwan da ke faɗuwa sun fi ƙarfin zarton hannu, a bar mutane su shigo da inji su gama a kwana ɗaya abin da ke cin mako. Maganarsu tana da kama, domin na ga turbar da ta ɓace gaba ɗaya don ba a kai gare ta ba, kuma hukuma takan ba da izini na musamman in larura ta kai. Amma ni ina bayan dokar. In aka buɗe ƙofa don inji yau, gobe wani zai kawo hujjar babur, jibi ta titi, kuma kowace hujja za ta yi kama da gaskiya. Mu da muka ga yadda gonaki suka cinye burtali taku bayan taku, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abu guda ne ba na bari ya wuce in ana hira: masu cewa daji ne da ɗan Adam bai taɓa ba. Kabilun Blackfeet ta gabas, da Salish da Kootenai ta yamma, sun yi farauta sun ratsa tsaunukan nan tun kafin zuwan Turawa, kuma jikokinsu suna nan da ransu a gefen dajin. Wasu turbobin da muke gyarawa sawunsu aka bi.

A shigarmu ta ƙarshe mun kai gindin wani dutse da suke kira Katangar Sin, tsayinsa kamar mita 300, ya miƙe mil da mil a kan tudun da ke raba ruwan nahiyar: na gabas ya nufi Tekun Atlantika, na yamma ya nufi Pasifik. Hayaƙin gobarar nesa ya ɗan rufe sama, amma mun gan shi sosai. Hotunan suna nan, zan turo maka in na tace su.

An koma karatu makon jiya, hannuna duk kanta, alƙalami ma wani iri nake jin sa. Na riga na gaya musu in Allah ya kai mu baɗi zan dawo, kuma ina so in koyi wasa zarto a wajen masu yi. Ka gaya mini yadda aka ƙare da maganar filin nan, da ko ƙaninka ya samu gurbin karatun. Ka durƙusa ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina neman addu'a. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka