Zuwa Ga Ƙanena Mai Son Sa Wa Kalma Kwaɗo

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron matasa masu rubuta manhaja da aka yi nan Katsina ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni cewa tunda ka ƙirƙiro wata sabuwar dabara a ɗan harshen kwamfutar da kake haɗawa da kalmomin Hausa, ko ya kamata ka nemi takardar mallakar ƙirƙira don kada a sace maka? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Amsata ita ce a'a.

A 2003 kamfanin Microsoft ya nemi irin wannan takarda a Amurka kan kalma guda a harshen Visual Basic, wato IsNot, wadda aikinta kawai ta tabbatar abu biyu ba ɗaya ba ne. Masu sana'ar sun yi ta tofin Allah tsine, kuma da gaskiyarsu. Kamar a ce wani ya je ya yi rajistar "ba... ba" da muke kore zance da ita, duk wanda zai ce "ba ni ba ne" sai ya biya. Takardar kuwa shekara 20 take yi.

Na ga yaran da kake koyarwa a shagon nan na Ƙofar Ƙaura, su huɗu a kan kwamfuta ɗaya, suna rige-rigen gamawa kafin caji ya ƙare. Sun rubuta "idan" da "maimaita", abin ya yi aiki, ɗayansu har da tafi. Waɗannan dabarun ba mu muka ƙirƙiro su ba, wasu suka bar mana su a buɗe. Da an kulle su, da me za ka koyar?

Sannan takarda ba ta tsaron kanta, sai da lauya. Kamfanin Oracle ya maka Google a kotu kan harshen kwamfuta na Java a 2010, ba a gama ba sai 2021 a Kotun Ƙolin Amurka. Shekara 11! Giwaye ke nan. Mu ciyawa ce.

Ka saki aikinka da lasisin Apache 2.0, wato takardar izinin da ke barin manhaja a buɗe ga kowa, wanda Apple ya saki harshen Swift da shi a 2015. Sunanka zai zauna a kai, wanda ya ɗauka ba zai goge ba, kuma kowa zai yi amfani da shi hankali kwance. Ka zo gida bayan La'asar ranar Asabar mu zauna mu saka shi tare.

Yayanka.