Godiya Ga Ofishin Da Ya Shirya Mana Tattaki Daga Dana Zuwa Petra

Zuwa ga Hajiya manaja da dukkan ma'aikatan ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Ikeja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin abokan tafiyata, 'yan kasuwar Agege da Mile 12, waɗanda kuka shirya wa tattaki a duwatsun ƙasar Jodan. Mun riga mun gode muku baki da baki, amma muka ga ya kamata jama'a su ji. A garin nan mutanenmu da yawa sun faɗa hannun 'yan cuwa-cuwar biza, don haka idan aka samu masu riƙon amana, bai dace a yi shiru ba.

Hajiya, tun kafin mu biya ko kwabo kika gaya mana gaskiya. Kika ce tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, hawa da gangara, kuma ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗen titin Legas sai an horar da ita. Kika sa muka riƙa hawan bene kullum, muka je Dutsen Olumo a Abeokuta muka gwada numfashinmu. Dattijonmu mai ciwon gwiwa kuwa, cikin ladabi kika ce, "Baba, ban yarda ka taka wannan hanyar ba." Kika shirya masa mota ta riƙa kai shi inda za mu haɗu, kika kuma cire masa kuɗin tattakin. Wani ofishin karɓe kuɗin zai yi, ya bar tsoho da dutse. Haka kuma kika ƙi a tafi cikin tsananin zafi, kika ce a jira watan Afrilu, ko da yake jiran ya jinkirta muku ciniki.

Daga ƙauyen Dana muka fara, wanda ke bakin wani kwari mai zurfi cikin gandun dajin da ya fi kowanne girma a Jodan. Wuni guda muka yi muna gangarawa har Feynan. Ɗan jagoran da kuka haɗa mu da shi Balaraben ƙauye ne, haifaffen wurin. Shi ke duba yanayin sama kafin a shiga kwazazzabo, saboda ruwan da aka yi can nesa kan iya kwararowa ba zato. Shi ke nuna mana alƙibla, ya tsayar da ayari lokacin salla ba tare da mun roƙa ba, sannan ya hura wuta ya dafa mana shayi mai wani ganye mai ƙamshi da ake kira maramiya. A Feynan ya nuna mana tarin baƙin kashin maƙera, ragowar jan ƙarfen da aka shafe dubban shekaru ana haƙowa ana narkawa a wurin, har zamanin Rumawa da suka riƙa tura fursunoni aikin ramukan.

Masaukin Feynan ya cancanci a tsaya a kansa. Gini ne mai launin ƙasa a tsakiyar daji, babu kwalta kusa da shi. Da hasken rana ake ɗumama ruwan wanka, da dare kuma kyandir ake kunnawa ko'ina, waɗanda matan yankin ke yi da hannu. Ma'aikatan 'yan wurin ne, gurasar ma a cikinsu ake toyawa. Ba a dafa nama a gidan, kuma kun sanar da mu tun muna Ikeja, shi ya sa babu wanda ya ɓata rai. Mutumin da ya wuni yana taka tsakuwa, ya samu ruwan zafi da shimfiɗa mai tsabta, ya hau soro ya kwanta yana kallon taurari babu ƙarar janareta, ya san kuɗinsa bai tafi a banza ba. A ganina hutun da ake nema ke nan, kuma ya fi na otal mai hawa goma.

Daga nan sai kwanan tanti a kan duwatsu. Da wuya, ƙafafu sun yi bororo, amma ruwa da abinci ba su taɓa yankewa ba.

Petra, tsohon birnin nan na cikin duwatsu, ta bayan gari kuka shigar da mu, kuma wannan shawara ce ta wanda ya san aikinsa. Maimakon cunkoson babbar ƙofa, sai muka zagayo ta gefen dutse muka yi kiciɓis da Ad-Deir, ƙaton gini da aka sassaƙa a jikin dutse, ƙofarsa kaɗai ta ninka tsayin mutum sau da yawa. Daga can muka sauko matakala wajen 800 zuwa tsakiyar birnin. Nabatawa ne suka gina shi, fatake ne da suka yi arziki da turaren lubban daga kudancin ƙasar Larabawa, kamar yadda kakanninmu suka yi da goron Gwanja. Mu 'yan kasuwa abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda suka sarrafa ruwa. Har yau ana ganin magudanan da suka fafe a bangon Siq, siririn mashigin nan mai tsawon fiye da kilomita guda da ke kaiwa Al-Khazna, wani shahararren gini da shi ma aka sassaƙa a jikin dutse. Rumawa sun karɓe daular a shekara ta 106 miladiyya, girgizar ƙasa ta 363 ta rusa sashe mai yawa na birnin, a 1985 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗan jagora ya nuna mana farar ƙubba can a ƙololuwar Jabal Harun, inda mutanen wurin ke cewa nan ne kabarin Annabi Haruna, alaihis salam. Baba, da ya same mu ta babbar ƙofa, sai da ya yi hawaye da aka ba shi labari.

A Wadi Musa, garin da ke bakin Petra, kuka tanadar mana mansaf, shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono, muka rama kewar nama.

Hajiya, don Allah ki isar da gaisuwarmu ga ɗan jagora da masu girki da direban Baba. Ga yaron ofishinku da ya raka mu filin jirgin Murtala Muhammed da tsakar dare, bai tafi ba sai da ya ga mun shige, muna yi masa godiya ta musamman. Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa albarka a kasuwancinku, Ya tsare ku da iyalanku.

Wassalam.

Naku,
wani ɗan kasuwa mazaunin Agege, Legas.